Namijin Dabinon da Muka Sare

Surukina ya bar mana dabino bakwai a garkarsa, cikin kwarin Tarka, gab da rijiya. Shida suna 'ya'ya, ɗaya ko ƙwallo bai taɓa yi ba. Duk shigowar sanyi nakan ga tsohon ya hau wannan, ya sauko ya hau wancan. Ban taɓa tambaya ba, matar ɗa ba ta yi wa suruki tambaya. Mu kuwa mutanen gero ne, me muka sani?

Ya rasu da damina, shekara goma da ɗoriya bayan babbar yunwa. Ko arba'in ba a yi ba maigidana ya kayar da marar 'ya'yan, wai ruwa yake shanyewa a banza. Ni na riƙe masa igiya. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba.

Da kaka fara ta sauka, ta bar mana kara. Yara huɗu gare ni. Idona duk yana kan dabinon, in ya nuna mu musanya da hatsi.

Rannan wani dattijon Abzin ya tsaya shayar da raƙuma, ya dubi kututturen.

"'Yata, wane mahaukaci ya sare musu miji?"

"Wane miji, Baba?"

"Matan nan shida wa zai yi musu ciki? Ke?"

Ya ce furen namiji ake ɗaurawa cikin na mace, in na macen ya kwana biyu da tsagewa ba a ɗaura ba, shi ke nan. Akwai namiji a wata garka, tafiyar kwana biyu.

Maigida ya ce ba za shi roƙon fure a yi masa dariya ba. Na goya autana na kama hanya. Mai garkar ya yi dariyar, na tsaya har ya gama, ya ƙulle mini ɗan kaɗan a tsumma.

Kafin in dawo furen huɗu daga cikinsu ya bushe. Na yi ɗamara na hau sauran biyun, ƙaya na yaga mini hannu, matan bakin rijiya sun saki guga suna salati.

"Ku ja ruwanku!" na ce.

Biyun suka kama. Huɗun suka zubar da 'yan ƙanana marasa ƙwallo, muka tsince muka dafa. Dabino biyu ba ya riƙe baki shida. Babbar 'yata na kai wa ƙanwata a Gangara. Shekara uku ta yi can. Ta dawo tana ce wa ƙanwata Inna, ni kuwa ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa.