Bedi a Bakin Titinmu

Shekarar da na kama hayar shago a unguwar Mahdiya cikin garin Sabha, titinmu ba shi da inuwar da mutum ɗaya zai raɓa. Ni tela ne, daga Damagaram na zo. Gaban shagunanmu leda ce da gwangwanaye da ɓaraguzan bulo, in rana ta take kuwa ko kare ba ya gilmawa.

Abin da ya fara ci mini rai shi ne ruwan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Kowane shago da tasa, kowace tana ɗiga yini guda, ruwan ya kwanta a ƙasa ya zama caɓi. Wata Juma'a na je ƙauyen Samnu wurin yayana da ke aikin gona, na tarar ya reni 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, a cikin gwangwanayen tumatir, da irin da ya zo da shi daga gida. Na ce ya ba ni.

"Ina za ka kai su?"

"Bakin titi, Yaya."

Ya girgiza kai, amma ya durƙusa ya zaɓar mini masu ƙwari.

Mai shagonmu dattijo ne Balarabe, tsohon direban sahara, yana jin Hausa sosai. Ya iske ni da diga ina haƙa rami.

"Malam tela, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Alhaji."

"Ƙasar nan tsakuwa ce da siminti. Ba ta riƙe ice."

"In ta ƙi, sai in sake."

Sai ya nuna mini da sandarsa inda bututu ya bi, ya ce in matsa gefe.

Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su bar ni in ajiye bokiti a ƙarƙashin mukayyif ɗinsu. Yawancinsu sun yarda. Mai sayar da wayoyi ya ce ice zai rufe masa allon shago, sai na tsallake ƙofarsa. Bayan la'asar nakan bar keken ɗinki in kwashe bokitan in bi ramuka.

Ba a jima ba wata mota ta yi baya ta murƙushe ɗaya daga cikin bedin da na dasa. Mai walda na ƙarshen layi, Bakano, ya zo ya duba. Washegari sai ga shi da keji na guntayen rodi ya kewaye dashe ɗaya, daga baya ya yi wa sauran.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne sanyin Sabha. Da ya shigo kowa ya kashe mukayyif, ruwa ya ɗauke, ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Na nemi izinin limamin masallacin unguwa ina tarar ruwan alwala a jarka. Ƙyallayen da suka rage a shago kuma na harhaɗa su na ɗinka wa kowane dashe riga. Masu wucewa suna dariya, wai bedin tela ya yi kwalliyar salla. Duk da haka fiye da rabi suka mutu. Ranar da na tuge busassun ban iya cin abincin rana ba. Da ɗumi ya dawo na koma gona na karɓo wasu, na cusa su a ramukan waɗanda suka mutu.

Yanzu waɗanda suka rayu sun wuce rufin shago. Ban san wanda ya fara shara ba, na dai ga kowa ya koma share gabansa da safe. Mai shayi ya kawo benci, wasu samari suka shafa wa bakin titi fenti fari da baƙi.

Tsallaken titi ne ya rage, wajen masu gyaran mota, inda baƙin mai ya jiƙa ƙasa har kusan kamu biyu. Sai an kwashe ta duka an zubo sabuwa. Na yi magana da babbansu, ya ce in zan iya, bismilla. Na fara haƙa ramin farko.