Keken Yayana Ba Ya Hutawa

Keken yayana ba shi da birki, kuma fedarsa ba ta hutawa. Rairayin hanyar Tsauni ne ya cinye haƙoran ƙafar baya, mai gyara ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya yi musu walda ya huta. Tun daga ranar, in taya na juyawa feda ma na juyawa, ko kana so ko ba ka so. Da shi Yaya yake ɗauko rake daga fadama zuwa kasuwar Matameye.

Ni dai ban taɓa ganin gwani irinsa ba. Zai ratsa tsakanin amalanke da 'yan kabu-kabu da damin rake a bayansa, ko tiren mai gyaɗa bai taɓa turewa ba. In zai tsaya, da cinyoyinsa yake danne fedar sannu a hankali, kamar mai lallashin jaki. Samarin da suka ara don gwaninta kuwa, duk da ƙwauri a kumbure suka dawo. Na yi musu dariya har da hawaye.

Matsalar ita ce gaisuwa. A garinmu in ka zo wuce manya a kan keke, sai ka sauka. Gidan su yarinyar da Yaya yake nema kuwa a tsakiyar gangara yake, mahaifinta wani Malam ne mai zama a ƙofar gida. Yaya ya sha wuce shi da kaya, yana ɗaga hannu, ƙafa na ta wulwulawa. Har magana ta iso kunnen innarmu, wai Malam ya ce ba zai ba marar kunya 'yarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Yaya ya je ya yi wa Malam bayanin waldar. Ya ce ba a kai wa suruki hujja.

Ranar kasuwa ina bakin famfo na hango shi. Tun daga sama ya fara kokawa da fedar, nauyin rake na ingiza shi, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Daidai tabarmar Malam keken ya tsaya cak. Ya sauko, ya cire takalmi, ya durƙusa, cinyoyinsa na rawa har ana gani ta cikin wando.

Malam ya daɗe yana kallon ƙafafun nan, sannan ya ce, "Tashi, ɗana. Tun kana saman gangara na amsa gaisuwarka."