Motar da Na Huda wa Taga

Na sayar da motar bara, bayan girbin gero. Shekara biyar ta yi a tsakar gidana a Sabon Gari, injinta bai yi ko tari ba.

Tsohuwar bas ce ƙarama, irin ta da, mai gajeren hanci. A bayan wani garaji na same ta, awaki na kwana ƙarƙashinta. Na tsufa ina tuƙa motocin mutane, na faɗi sau biyu, na bar yatsu biyu a hanya. Ban taɓa mallakar ko taya ba. Wannan ma ba don kaina na saye ta ba.

Matata 'yar Jiratawa ce, cikin garka ta tashi, tsakanin zogale da albasa. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya mutu. Ba ta iya zama, sai kwanciya. Bakinta dai bai mutu ba. Wata rana ina juya ta bisa tabarma ta ce, "Malam, ina son in ga ruwa na bin garkarmu. Ko sau guda."

Na ce zan kai ta. Babur ɗin kabu-kabu ba ya ɗaukar mai kwance, taksi kuwa sai an naɗe mutum kamar buhu. Shi ya sa muka turo bas ɗin gida.

Makanikin da ya taya ni turi ya ce, "Baba, da inji ake farawa. Jiki na baya ne." Na sani. Na fi shi sani. Amma inji sai an cire shi an kai garaji, ita ba ta ganin komai. Jiki kuwa a gabanta ake aikinsa. Sai na fara da jiki.

Na fitar da kujerun baya duka. Mai walda ya kafa mini gadon ƙarfe a ciki. Na kwanta bisa gadon, na ga tagogin sun yi sama, mai kwance ba ya ganin komai sai gajimare. Na ɗauki gawayi na zana inda idona ya tsaya, aka yanke ƙarfen, aka sa gilashi. Taga ƙarama, ƙasa-ƙasa, dab da tayar baya.

Ita ta zaɓi fenti. Na shafa kore ta ce ya yi duhu, wannan koren kuka ne, ita na zogale take so. Na kankare na sake. Kullum da la'asar ina aiki tana kwance a inuwa tana ba ni oda. "Ka karkace layin nan. Direba ne kai ko makaho?" Tun da ta faɗi ban ji ta yi dariya irin ta lokacin ba.

Ƙanenta ya zo ya ce zai samo motar ɗaukar kaya, a shimfiɗa mata katifa a baya, a je a dawo rana guda. Na ce a'a, a tawa za ta je. Ita ma ta ce za ta jira tata. Na ji daɗin maganar, ban sake tunani ba.

Ta rasu da damina ta biyu. Injin na nan yadda na same shi, ko ƙusa ɗaya ban kwance ba. Jiratawa ba nisa, mai keke ma yana zuwa ya dawo kafin azahar.

Shekara uku ban taɓa motar ba, sai dai in share mata ƙura. Da ɗana ya tashi aure aka rasa wurin gina ɗaki. Na ga yana kallon inda motar take. Na ce a nemo mai saye.

'Yan jari-bola suka fara zuwa. Ɗaya ya harbi ƙofar da ƙafa yana jin kaurin ƙarfe. Na nuna masa hanyar waje. Ba zan bayar a yanka ta a auna a kilo ba.

Sai wani dattijo ya zo daga Tsibiri, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, Kirista, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ya ce yana son motar ɗauko zogale daga Jiratawa. Na gaya masa gaskiya: inji matacce, birki babu, takardu kuwa suna nan. Ya zagaya ta, ya tsaya, ya duƙa.

"Malam, wagga taga ta kaji ce? Ko ta masu leƙen taya?"

Na gaya masa ta wace ce. Ya daɗe a duƙe. Da ya miƙe ya ce, "Allah shi jiƙan ta. Amma ba ni yi maka ƙarya. Gadon ga fita za shi yi, tagar kuma sai an toshe. Buhu na fasa gilashi."

Na ce, "Taka ce, ka toshe. Abu guda nika roƙo. Ran da ta tashi, tafiyar farko Jiratawa, da ni za a yi. Ina kwance bisa gadon. In mun dawo ka kira mai walda."

"Kai da kake direba za ka kwanta, ni malamin lissafi in ja ka?"

"In ka kayar da ni, ba kai ka fara ba."

Ya yi dariya, ya ba ni hannu. Ban ja ciniki ba.

Babbar mota ta ja ta da sandar ƙarfe, ni na riƙe sitiyari har Tsibiri. Ranar ce kaɗai na ji ta bisa kwalta. Ba ta jan gefe, ba ta kuka. Da na sa inji gaba, da ta kai mu.

Mushe ya sauke injin, ya ce akwai kayan da ba a samu a Maraɗi, ya yi sallahu. An yi damina guda tun lokacin. Na je sau biyu na gan ta ƙarƙashin itacen bedinsa, gadon na ciki, bai taɓa shi ba. Jiratawa kuwa ban taka ba, ko da aka yi suna a gidan surukaina. Ba na son in ga garkar a tsaye.

Yanzu ina Sabon Gari, a zauren gidana nake kwana. Na daina tuƙi, ido ya rage. Ina jiran Mushe ya aiko.