Malam Jadawali da Makarantar Ƙarshen Kwalta

A ofishin ilimi na gunduma, idan ka wuce ɗakin darakta da na masu duba makarantu, akwai wani ɗan ɗaki a gindin matakala, mai taga ɗaya da fankar da ƙararta ta fi iskarta. Nan Malam Jadawali ya shekara ashirin da tara. Da can malamin lissafi ne a firamare, sai maƙogwaro ya hana shi ɗaga murya, likita ya ce ya rabu da alli. Aka dawo da shi ofis, aka damƙa masa aikin da kowa ke zillewa, wato tattara alƙaluman makarantu: yara nawa, maza nawa, mata nawa, malamai nawa, benci nawa ne ke tsaye da ƙafarsa. Sunan ma nan ya samo shi. Abokan aikinsa sukan ce ko katin gayyata ka miƙa masa, sai ya ja masa layi da rula kafin ya karanta.

Yana da hanyarsa ta yin aiki. Kowace shekara in an raba wa makarantu fom, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ƙofar aji yana motsa leɓe har ya ƙirga kawuna. Ya san masu ƙara yara a takarda don a ƙaro musu malamai, amma bai taɓa yi wa kowa faɗa ba. Sai dai ya dubi fom, ya dubi aji, ya ce a hankali, "Hedimasta, da alama yau mura ta kama yara ashirin." Sannan ya ajiye masa abin goge fensir a kan tebur, ya fita shan iska.

Ana sauran wata huɗu ya yi ritaya, sabon tsari ya sauko daga ma'aikatar ilimi ta ƙasa. Kowane yaro za a shigar da sunansa da ranar haihuwarsa cikin kwamfuta. Da wannan adadi za a raba malamai da littattafai, kuma duk makarantar da yaranta ba su kai sittin ba za a rufe ta, a haɗa yaran da makaranta mafi kusa. Mutane da yawa sun yi gunaguni, amma shi Malam tsarin ya yi masa. Ya ce ko ba komai, yanzu za a sami mai karanta abin da ake tarawa. Abu ɗaya ne ya rage masa daɗi: an hana zagaye. Hedimastoci ke aiko fom, wata abokiyar aikinsa mai 'ya'ya huɗu, da kowa ke kira Mai Kwamfuta, ta shigar.

Ran wata Litinin ta kira shi tana dariya.

"Malam, zo ka ga ikon Allah. Rabin yaran gundumar nan ranar ɗaya ga Janairu aka haife su."

Ya gyara tabarau ya leƙa. "Allah ya saka wa ungozomomi. Ranar ba su zauna ba."

Yana shirin komawa kujerarsa idonsa ya faɗa kan wani layi. Makarantar da ke ƙarshen kwalta, bayan inda ake buga bulo: yara talatin da takwas. Ya koma ɗakinsa ya buɗe fayil ɗin bara. Tamanin da ɗaya. Da idonsa ya ƙirga su, har ya tuna aji uku da suke zama biyar-biyar a benci. Makaranta mafi kusa da su kuwa tafiyar awa guda ce, kuma sai an tsallake babban titin da tireloli ke bi. Ya san iyaye nawa ne za su yarda ɗan shekara shida ya tsallake wannan titi kullum. Bai faɗi adadin ba, ko a zuci.

Darakta na tsaye yana haɗa takardu zai tafi taro sa'ad da Malam ya yi sallama.

"Ranka ya daɗe, akwai wata lamba da ba ta zauna min ba."

"Malam Jadawali, lambar da hedimasta ya sa wa hannu? Mu dai namu shigarwa."

"Yara arba'in ba sa ɓacewa a shekara ɗaya ba a ji labari ba."

Darakta ya dube shi, ya dubi agogo. "Je ka gani. Amma ran Alhamis ƙarfe huɗu shafin shigar da sunaye a kwamfuta zai rufe, kuma ko ni ba ni da mabuɗinsa."

Washegari da safe ya isa. Tun daga bakin masu bulo yake jin karatun yara, kuma kunnen da ya haura shekara talatin a harkar ya san wannan ba muryar talatin da takwas ba ce. Ya bi ajujuwan nan uku yana motsa leɓe. Saba'in da tara, huɗu ba su zo ba.

Hedimastan tsohon abokinsa ne tun kwalejin horon malamai, wani siriri da ake kira Dogo, wanda ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare.

"Jadawali! Na ji an ɗaure maka babur. Wa ya kwance ka?"

"Kai ka kwance ni. Dogo, ina ka kai yara arba'in da biyar?"

"Ga su can suna cinye min alli."

"A fom nake nufi."

Dogo ya jawo aljihun tebur ya fito da kwafen fom ɗin, ya ɗora dogon yatsansa a kai. "Nan an ce ranar haihuwa. Nan ƙasa an ce na tabbatar duk abin da na rubuta gaskiya ne. Talatin da takwas ne ke da takardar haihuwa. Sauran me zan rubuta musu?"

"Abokanka duk ɗaya ga Janairu suka sa."

"Ai ba da hannuna suka sa hannu ba. Na ce in iyaye sun samo takarda, zango mai zuwa sai a ƙara su. Gaggawar me ake?"

Sai a lokacin Malam ya gane cewa takardar da ta yi maganar sittin ba ta iso nan ba. Wasiƙun ofis sukan gaji kafin su kai ƙarshen kwalta. Ya gaya masa, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Dogo ya nemi kujera ya zauna. Ya cire tabarau, ya mayar. Ta taga ana ganin 'yan aji ɗaya sun fito hutun tara, wata ƙarama na jan jakar da ta kusa kai ta tsawo.

Can Dogo ya ɗauki biro. "To kawo sabon fom. Ashirin da biyu kawai muke nema, ko? Janairun ai ba ta cika ba."

Malam yana da sabon fom a jaka, har hannunsa ya kai kan zif ɗin. Shekara ashirin da tara bai taɓa barin lambar da bai yarda da ita ba ta wuce ta teburinsa ba, kuma ya san Dogo bai taɓa rubuta irinta ba. Ya dubi biron, ya janye hannunsa daga zif ɗin.

"Ajiye tukuna," ya ce. "Ba ni zuwa gobe."

Ya iso gida bayan la'asar. Maiɗakinsa tela ce, tana kan keke a baranda tana haɗa rigar makarantar 'yar maƙwabta. Ta kawo masa abinci, ya yi cokali biyu ya ture.

"Malam, lissafi ne ya ƙi fita?"

Ba ya kawo zancen ofis gida, amma ranar ya kawo. Ta saurara ƙafarta na kan keke, har ya kai ƙarshe. Sai ta tsinke zare da haƙori ta ce, "Autarmu, yaushe aka haife ta?"

"Da damina."

"Wace rana?"

Ya shiga lissafi da yatsu.

"Ka ji mai ƙidayar 'ya'yan mutane," ta ce, ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit, ta buɗe. Ƙarƙashin maɓallai da ragowar zare akwai katuna biyar da suka yi ja don tsufa, katin rigakafin 'ya'yansu, har da na babban da yanzu shi ma yake da 'ya'ya. A saman kowanne, da rubutun malamar asibiti, ga suna ga ranar haihuwa.

"Takardar haihuwa taku ce, ku da ofisoshinku. Wannan tamu ce. Uwa na iya ɓatar da ɗan kunnenta, amma ba wannan ba."

Malam ya zaro littafin bayanin tsarin daga jaka, wanda aka raba musu a taron bita aka ce kowa ya karanta a gida. Ya bi shi da yatsa har shafi na goma sha bakwai: takardar haihuwa, ko wata takarda ta hukuma mai ɗauke da ranar haihuwa. Ya karanta sau biyu, ya nemi waya.

"Dogo, gobe da an gama taron safe ka kora min yaran nan arba'in da biyar gida. Kowa ya zo da uwarsa, da katin allurarsa."

Ya jawo kwanon da ya ture. Maiɗakinsa ta taka kekenta da ɗan ƙarfi.

Ran Laraba kafin hantsi filin makarantar ya cika da mata, wasu da goyo, wasu da garin tuwo a hannu. An fito da tebur ƙarƙashin bishiya, Malam na karɓar kati yana karantawa, Dogo na rubutawa.

"Malam, wai allura za a sake yi musu? Wallahi an gama wa nawa, har ya kwana uku yana kuka."

"Ba allura, Inna. Ranar da kika sha wahalarsa kawai muke nema."

"Ai wannan ko ba kati na riƙe ta!"

"Ki riƙe, amma ba ni katin."

Katunan sun zo iri-iri. Wani a naɗe cikin leda uku, wani mai ya jiƙa shi har ana ganin rana ta cikinsa, wani ɓera ya ci gefensa amma ya yi adalci ya bar kwanan watan. Wata ta kawo na 'ya'yanta shida gaba ɗaya ta ce su zaɓa. Wata kuma ta miƙo katin da ya nuna ɗanta ya girmi abin da take faɗa da shekara guda, matan suka yi mata ca, ita ma ta shiga dariyar.

Dogo na ja wa kowane suna ɗan layi a gefen takarda. Da ya ja na ashirin da biyu sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga. Malam ya miƙa hannu ya karɓi kati na gaba.

Da azahar sun sami ashirin da tara. Masu cewa nasu ya ɓace a ƙaura ko ruwa ya ci, Malam ya rubuta sunayensu, ya bi da su ƙaramin asibitin unguwar. Malamar asibitin ta sauko da manyan rajistoci daga kan kabad, suka yi ta buɗawa har aka samo bakwai.

Saura tara. Cikinsu akwai jikar wata tsohuwa, wadda ta zauna a gindin tebur tun safe ba ta da komai a hannu.

"Ɗan nan, a hanya aka haife ta, uwar kuma ba ta daɗe ba. Ni dai na san da zafi ne, shekarar da aka kawo mana famfo. Ba za a rubuta ta ba ke nan?"

"Tana nan a ajinta, Iya, ba mai taɓa ta. Rubutun ne zai ɗan jira."

"To kar ya daɗe. Ni ba jira gare ni da yawa ba."

Ran Alhamis ya zauna kusa da Mai Kwamfuta yana karanto suna tana bugawa. Sau biyu shafin ya tsaya yana juyi, ta daki tebur ta ce wa shafin munafuki. Ƙarfe uku da minti ashirin ta danna na ƙarshe. Saba'in da huɗu.

"Taran fa, Malam? In ba su Janairu su ma su huta?"

"A'a. Buga min wasiƙa."

Wasiƙar gajera ce. Ta lissafa sunayen yara tara da ajinsu, ta ce suna nan, an gan su da ido, ba su da takarda ko ɗaya, kuma akwai irinsu a kowace makaranta. Ta roƙi a buɗe gurbi a fom inda hedimasta zai rubuta shekarun da aka kimanta, ya faɗa a fili cewa kimantawa ce. Darakta ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi Malam, ya sa hannu.

Da jerin makarantun da za a rufe ya fito, ta ƙarshen kwalta ba ta ciki. Farkon sabon zango Dogo ya bugo waya, yana magana hayaniyar yara na shigowa.

"Jadawali, an turo mana malama guda, da littattafai saba'in da huɗu cif. Ka ga aikinka? Ko ɗaya ba su yi kuskuren ƙarawa ba."

"Taran su zauna kusa da masu shi tukuna."

"Sun zauna. Jikar tsohuwar nan ma ta ƙwace na maƙwabciyarta, ita ke buɗa shafi."

Har ya yi ritaya amsar wasiƙar ba ta zo ba. Ranar da zai bar ofis ya ba Mai Kwamfuta kwafenta, ya ce duk farkon wata ta sake aikawa, ta canza kwanan wata kawai. Ta ce za su gaji da ita. Ya ce ai abin da ake nema ke nan.

Yanzu yakan zauna a baranda da safe yana zare wa maiɗakinsa ɗinkin da ya karkace. Ran nan Mai Kwamfuta ta biyo ta gidan da fom ɗin bana a hannu, ta ce ya duba shafi na biyu. Ya sa tabarau. Kusa da gurbin ranar haihuwa akwai wani ɗan ƙaramin gurbi na shekarun da aka kimanta, wanda babu shi bara. Ba a ce daga ina ya fito ba, shi ma bai tambaya ba.

"An kai wa Dogo nasa?" ya ce.

"Sai mako mai zuwa direba zai bi ta can."

"Direba ba ya kaiwa ƙarshen kwalta. Ba ni guda."

Ya shiga ɗaki neman makullin babur.