Numfashin Nabla

Manus Gildea masaƙi ne a ƙauyen Meenbawn, can gaɓar tekun Donegal, amma ban taɓa jin wanda ya yabi saƙarsa ba. Gogensa ake yabo, shi ma ba don ya fi kowa hannu ba, sai don kiɗan rawa guda ɗaya da ya gada a ɗakin uwarsa, irin mai saurin nan da muke kira ril.

Kakansa ne ya zo da kiɗan daga Scotland, inda mazanmu ke zuwa ƙodagon tonon dankali kowace kaka. A bakin wani abokin aiki ya ji shi, amma kafin jirgin ruwa ya sauke shi gida rabi ya zube masa. Kowane ril kuwa gaɓa biyu ne, kai da juyi, kuma ba a rawa da kai kaɗai. 'Yarsa Nabla, uwar Manus, ita ta yi masa juyi. Ba ta taɓa riƙe goge ba, da baki take kiɗa, kamar yadda mata ke yi in an taru rawa a gidan wani aka rasa makaɗi. Tun tana yarinya take fama da ƙirji, numfashinta ba ya kai ta ƙarshen juyi, sai ta tsaya a tsakiya kamar ƙiftawar ido, ta ja iska, ta ci gaba. Masu rawa suka saba, suna buga dunduniya a daɓe daidai wannan gurbin. Aka sa masa Ril ɗin Nabla, domin a wurinmu kiɗa sunan wanda aka karɓe shi a hannunsa yake ɗauka.

Da ta rasu, Manus ya ɗora kiɗan a kan goge yadda ya ji shi. In ya zo gurbin sai ya ɗaga izga daga tsirkiya, ɗakin ya yi tsit, dunduniyoyi su sauka tare, dim. Bai yi aure ba, yana zaune da yayarsa Roise, kuma ba shi da rowar kiɗa. Wanda ya fi kowa naci wajen koyo shi ne maƙwabcinsu Dinny Coll, wanda daga baya ya bi sahun samarin garin zuwa Amurka. Ban ga laifinsa a nan ba, duwatsu ba sa ciyar da mutum.

Bayan wasu shekaru Dinny ya aiko wa wansa Packie, mai kantin garin, da garmaho da faifan kiɗan da shi Dinny ya yi a can. Ran Lahadi bayan an taso daga coci Packie ya fito da akwatin bakin ƙofa, ya wana shi, gari ya taru. Tun daga farko Manus ya gane kiɗan uwarsa ne, sai dai yana gudu kamar an biyo shi, ga fiyano yana ta gwara masa a baya. Ya jira gurbin. Da aka zo wurin, sai ya ji Dinny ya cike shi da 'yan kwalliyar yatsu, ya wuce abinsa.

"Me aka rubuta a jiki?" Manus ya tambaya.

"Zaɓin Coll," in ji Packie, yana washe baki. "Kai dai ka ji hannu, Manus! Yaron nan ya gyara maka kayanka, ko godiya babu?"

"Ya toshe wa uwata hanci, ka ce ya gyara?"

"To, ai ta daɗe da daina buƙatarsa, Allah ya ji ƙanta."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, kuma har yau ina jin haushin waɗanda suka yi.

A bikin farko da aka yi bayan nan, Manus ya ja kiɗan yadda ya saba. Ya ɗaga izga a gurbin, tsofaffi ƙalilan suka buga dunduniya, matasa kuwa suka zarce, suka yi karo da juna.

"Baba Manus, ka yi tuntuɓe!" amarya ta ɗaga murya. "Je ka wajen Packie ka ji yadda ake yinsa."

Ransa ya ɓaci iyakar ɓaci. Nan take ya sassauta izga, ya rantse a gaban kowa ba zai ƙara taɓa goge ba sai ranar da faifan nan ya cinye. Roise ta yi ta ba shi baki a hanya.

"Kai da wa kake fushi, da akwati? Ka yi ta kaɗa naka, kunne ai ba a raba shi da abin da ya saba ji."

"Su je su yi rawa da akwatin," in ji shi.

Suka kuwa je. Ba a daɗe ba ma aka hana rawa a gidaje, sai a babban zauren da Fada, limamin cocinmu, ya gina, inda ake ɗauko makaɗa daga birni. Masu buga dunduniya suka yi ta tafiya, wasu makabarta, wasu ƙetaren teku. Ɗakin saƙar Manus kuwa yana kallon kantin Packie, hanya ce kawai a tsakani. Safe da yamma faifan na juyawa, shi yana zaune yana jefa ƙoshiya yana tsine masa. Da faifan ya cinye Dinny ya aiko da wani. Da garmahon ya mutu, masu kai madara suka ci gaba da yin kiɗan da fito, yadda faifai ya koya musu. Gogen yana rataye a bango har hayaƙin murhu ya rine shi, Manus yana cika baki cewa kiɗan na gaskiya yana nan a ƙirjinsa ba wanda ya isa ya taɓa.

Roise ta kwanta ciwon ajali a wani lokacin sanyi, dukansu biyu sun yi furfura. Wata rana da hantsi ya kawo mata shayi, ta ture kofin.

"Sauko da abin nan ka yi mini kiɗan Inna. Rantsuwarka ta daɗe da cika, taurin kai ne kawai ya rage."

Ya sauko da shi, ya ɗaure tsirkiya, ya goga wa izga ƙaro. Yatsun sun yi nauyi amma sun san hanya. Ya yi kai, ya shiga juyi, ya fita, ya ji daɗin yadda hannunsa bai ba shi kunya ba. Ya dubi yayarsa yana jiran yabo.

"Na Dinny ka yi," ta ce. "Ina numfashin Inna?"

Ya sake ja a hankali, yana laluben wurin, yatsun suka bi kwalliyar faifai suka wuce. Ya ɗaga izga a wani wuri, ba nan ba ne. Ya gwada gaba kaɗan, nan ma ba nan ba ne. Yau da gobe ba ta bar komai ba, shekarun da ya yi yana zagin faifan ashe haddace shi yake yi.

"Yaya, yi mini da baki," ya ce. "Nuna mini inda take tsayawa."

Roise ta buɗe baki ta fara, amma nata ƙirjin ya riga ya gama aiki. Kowace gaɓa sai ta tsaya ta ja iska, har ba a gane wanne ne gurbin uwarsu, wanne ne nata. Manus ya zauna a bakin gado da goge a cinya, yana kasa kunne, har ta gaji ta yi shiru.