Minza Ta Ce a Binne Ta da Rana Tsaka

Ranar da muka shiga aji ɗaya na sakandare a Maswa, bisa tsayi aka zaunar da mu, gajeru a gaba, dogaye a baya. Ni Limi na samu layin farko. Minza Luhende kuwa doguwa ce, sai aka tura ta can ƙurya kusa da taga. Zabiya ce, ita kaɗai a duk makarantar. Idanunta ba sa ganin nesa, ga rana tana shigowa ta taga tana gasa mata wuya.

Kwana uku ta yi a wurin. A rana ta huɗu, muna tsakiyar darasin lissafi, sai muka ji ƙarar katako a kan siminti. Minza ce ke jan teburinta tun daga baya, tana ratsa mutane, har ta dire shi dab da allo, kusa da nawa.

Mwalimu Bundala, malamin lissafi, ya juyo da alli a hannu. "Ke, wa ya ba ki izini?"

Ta ce, "Mwalimu, babana ya sayar da bijiminsa don in zo in ga allo, ba don in zauna ina kallon ƙeyar Masanja ba."

Aji ya fashe da dariya, har da Masanjan, wanda da yake zaune a gabanta. Mwalimu Bundala ya tsala mata bulala uku a tafin hannu. Ta karɓa, ta koma ta zauna a gaban allo. Washegari ya tarar da teburin a nan, ya ƙara mata uku. Kafin mako ya ƙare shi ne ya gaji. Bai taɓa cewa ya yarda ba, amma muka lura rubutunsa a allo ya ƙara girma.

Haka muka zama ƙawaye. Ina karanta mata abin da ya kuɓuce wa idonta, tana fitar da ni kunya a lissafi. A ɗakin cin abinci 'yan mata ba sa yarda su haɗa kwano da ita, wai duk wadda ta taɓa ta, irinta za ta haifa. Da maganar ta ishe ta, sai wata rana ta tashi ta bi layin masu jiran ugali, wato tuwon masara, da wake tana dafa kan kowa. "Ke kin samu. Ke ma kin samu. Ke 'yan biyu ne naki. Nan da shekara goma ƙasar nan ta Sukuma ta zama tamu!" Wasu suka tsere suna ihu, wasu dariya ta hana su gudu. Daga ranar kwanonmu ya zama na mutum biyar.

Da muka gama aji huɗu ta ci jarrabawa fiye da ni, amma babanta ya rasu a shekarar, karatu ya tsaya. Ni na wuce kwalejin malamai, daga baya na samu aiki a Mwanza. Ita ta kafa rumfa a tashar motar Maswa tana sayar da shayi da chapati, wata gurasa da ake soyawa a kasko. Da gangan ta zaɓi bakin ƙofar tasha, inda duk wanda ya sauka daga mota sai ya gan ta. Ta auri wani mai gyaran keke, ta haifi 'ya baƙa wuluk, ta sa mata Nyanzobe. Ta aiko mini da hoton jaririyar, a bayansa ta rubuta: "Ki nuna wa 'yan ajinmu."

Sai aka shiga shekarun nan da ba ma son tunawa, lokacin da bokaye suka baza cewa sassan jikin zabiya suna kawo sa'a ga masu haƙar zinare da masunta. Aka fara jin an sare hannun yarinya a ƙauye kaza, an tone kabari a ƙauye kaza. Mijin Minza ya ce shi ba zai iya zama gida ɗaya da abin da ake farauta ba. Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗaure masa kayansa a zani, ta ce in ya isa ya aiko mata da zaninta.

Wani jami'i ya zo rumfarta da mota, ya ce ana tattara zabaya a wata makaranta mai katanga da masu gadi. "Dada Minza, 'yar'uwata, don tsaron ranki ne. Ki haɗa kayanki."

Tana juya chapati ta amsa masa. "Mai yawo da adda yana waje yana shan iska, ni mai soya chapati ce za a kulle? Ku kamo shi ku kai shi can, ku ba ni mabuɗin in riƙe muku."

Na kira ta a waya ina kuka, na ce ta taho Mwanza ta zauna a wurina. Ta ce, "Limi, in na gudu, abin da 'yata za ta koya ke nan, cewa uwarta abar ɓoyewa ce. Ki share hawayenki, kina ɓata mini waya."

Kada a ce ba ta jin tsoro. Ta sa an yi mata ƙofar ƙarfe, ta daina zuwa gona ita kaɗai, ta rame har kayanta suka yi mata yawa. Amma kowace safiya tukunyar shayinta na kan wuta. Ta rataya usur a wuya, ta sayo wasu ta raba wa matan da ke sayar da abinci kusa da ita.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, wani baƙo ya zauna ya nemi shayi. Ta sunkuya za ta zuba masa, sai ta ji sanyin ƙarfe a ƙeyarta. Almakashi ne, gashinta yake so. Ba ta yi wata-wata ba ta juye masa butar a cinya, ta cafke wuyan rigarsa, ta busa usur. Kafin ya miƙe mata sun kewaye shi da muciya da itacen wuta. Yaran mota suka taso za su kashe shi, ita ce ta shiga tsakani.

"Kada wanda ya taɓa shi! In ya mutu, wa zai faɗa mana wanda ya aiko shi?"

Ta zaunar da shi a ƙasa a tsakiyar tasha, ta sa ya ɗaga almakashin sama har 'yan sanda suka iso. Ta bi shari'ar da ƙafarta, zama bayan zama, har aka ɗaure shi tare da bokan da ya aiko shi.

Taurin kan da ya tsare ta, shi ne kuma ya cuce ta, wannan ba zan ɓoye ba. Ma'aikatan asibiti sun sha gaya mata ta riƙa sa babbar hula da riga mai dogon hannu. Ta ce ita ba kayan sata ba ce da za a lulluɓe. Mun yi faɗa a kan wannan har muka yi wata shida ba ma magana. Sai da ta haura talatin da biyar ta yarda da hular, a lokacin kuwa rana ta riga ta gama aikinta. Wani ƙurji ya fito mata a bayan kunne ya ƙi warkewa. Da aka kai ta babban asibiti a Dar es Salaam, likita ya ce ciwon dajin fata ne, kuma an makara.

Na ɗauki hutu na zo Maswa na zauna da ita. Yayanta Shija, mutum mai sanyin hali da ya tsaya mata tun rasuwar babansu, ya ja ni gefe a tsakar gida. Ya ce dangi sun yanke shawara, in ta cika za a haƙa rami a cikin ɗakinta a sa ta, a shafe da siminti, ba sanarwa, ba taro, don kada ɓarayin kabari su ji.

Ashe tana jinmu. Daga kan gado ta ɗaga murya, muryar da ta rage mata. "Shija! Shigo ka faɗa a gabana."

Ya shigo kansa a ƙasa. "Minza, tsoro nake ji kada a wulaƙanta ki."

"Ka san abin da ake faɗa a garin nan? Wai mu ba ma mutuwa, ɓacewa muke yi kamar hayaƙi. Me ya sa suke faɗa? Don ba wanda ya taɓa zuwa jana'izarmu. Kullum a ɓoye kuke tura mu. To ni ba zan ɓace ba, mutuwa zan yi, kamar yadda Baba ya mutu. A kai ni coci da rana tsaka, a buɗe akwati kowa ya leƙa, a binne ni kusa da Baba."

"In suka zo tono fa?"

"Ka zuba siminti da rodi iya ƙarfinka, ban hana ba. Su zo su karya faratansu." Sai ta juyo gare ni. "Ke kuma Limi, ki nemo mini 'yan ajinmu. Duk wadda na dafa wa kai tana da aiki a ranar."

Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu, wata safiyar Talata, Nyanzobe na riƙe da hannunta. Dattawan dangi suka sake tayar da maganar ramin ɗaki. Ina shirin buɗe baki sai Shija ya riga ni. Ya ce musu, "Ta faɗa a gabana, kuma na amsa. Wanda ke jin tsoro ya zauna a gida."

Na yi kwana biyu waya na manne a kunnena. Mu ashirin da uku muka zo daga ajinmu, wasu daga Dodoma, wasu daga Arusha. Mwalimu Bundala ya zo yana dogara sanda, ya ƙi kujerar da aka ba shi a baya, ya ce a gaba zai zauna. Direbobi suka tsayar da lodi, tasha ta yi shiru har azahar. Muka ɗauko akwatin daga gida a kafaɗa, maza da mata muna karɓa-karɓa, muka bi ta tsakiyar kasuwa, ba mu bi ta lungu ba. A coci aka buɗe shi. Layin masu leƙawa ya fita har titi. Na ga wata tsohuwa ta daɗe tsaye tana kallon fuskarta, sannan ta juyo ta ce wa na bayanta, "Wallahi ta mutu. Gawa ce kamar ta kowa." Na so in mare ta, amma na tuna don irinta aka buɗe akwatin.

Ƙarfe ɗaya na rana aka sa ta a ƙasa, kusa da babanta. Shija bai yarda magina su yi aikin su kaɗai ba. Ya tuɓe rigar coci ya kwaɓa simintin da hannunsa, mu kuma muka yi layi muna miƙa bokitan ruwa. Kafin ya bushe ya nemi ƙusa, ya durƙusa ya rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa a keke zai iya karantawa daga hanya. Shekarunta arba'in da biyu.