Littafin Kifin Baba

Shekarar da aka ce za a haɗa bayanan littattafan manyan makarantu wuri guda a kwamfuta, ni ce mai kula da katunan laburaren makarantarmu a Haɗeja. Na yi ta murna har na ishi mutane. Marigayi mahaifina, malamin firamare da ya fi son bakin kogi a kan aji, ya taɓa buga wani siririn littafi a kan kifayen fadamarmu, da sunayensu yadda masunta ke faɗa. Kwafi ɗaya yana laburarenmu. Na ce shi ke nan, ɗalibi a Legas ma zai ga sunan Baba.

Ƙa'idar aikin kuwa babu sani babu sabo: a ɗauki kati, a je kantar littattafai a ga littafin da ido, sannan a shigar. Katin da ba a ga littafinsa ba, sai kwali. Ga shi ambaliya ta taɓa shigo mana ta jiƙa kantocin ƙasa. Na duba inda littafin Baba yake zama, wayam.

Na sami shugabar aikin, wata mata mai kirki da aka turo daga Kano.

"Hajiya, littafin nan fa akwai shi. Da idona na karanta."

"Na yarda, Malama. To in wani ya ga sunan ya zo nema, me za mu miƙa masa? Kawo min ko kwafi ɗaya ne, nan take zan shigar."

Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ta faɗa.

Na shiga mota sai Guri, wurin gwaggona, ƙanwar Baba, don na san ya ba ta ɗaya. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Ayya 'yar nan, ruwan da ya cinye min ɗaki ai bai bar akwati ba." Na bi abokansa da suka rage. Kowa ya tuna littafin, har da mai ba ni labarin zanen tarwaɗar da ke bangon littafin, amma ba mai shi.

Na dawo na sa katin a kwali da hannuna. Ban yi kuka ranar jana'izar Baba kamar yadda na yi a bayan kantocin nan ba.

Da aka kammala aikin, gwaggo ta aiko a tambaye ni ko yayanta ya shiga kwamfutar. Na ce a gaya mata ba a kai kansa ba tukuna.